Sai Masu Gida: Amsoshin Tambayoyinku Kan Tarihin Kano Pillars

Wasiƙun da suka iso shafin wasanni a wannan karon yawancinsu kan Kano Pillars ne. Mun haɗa masu kama da juna wuri guda, mun gajarta wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Ni na ce a 1990 aka kafa Pillars, abokina ya ce ƙarya ne, don ya ga an rubuta ta ci kofi tun 1953. Wa ke da gaskiya? (Mai karatu daga Fagge, Kano)

AMSA: Malam, kai ne da gaskiya, amma shi ma abokinka ba daga sama ya tsinto maganar ba. A 1990 aka kafa Kano Pillars, shekarar da Najeriya ta fara gasar ƙwararru. Ba daga komai aka gina ta ba, ƙungiyoyi uku na cikin gari aka narka wuri guda: WRECA, wato ta hukumar ruwa ta jiha, da Kano Golden Stars, da ta Bankin Arewa. Dalilin a fili yake. Gasar ƙwararru na bukatar albashin wata-wata, da motar tafiye-tafiye, da kuɗin masauki a kowane wasan waje, kuma ɗaukar wannan kaya ya fi sauƙi idan an haɗa ƙarfi. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan lamarin. Gwamnatin Jihar Kano ce ke da ƙungiyar har yau.

Kofin 1953 kuwa, wato wanda daga baya ake kira kofin ƙalubale, zaɓaɓɓun 'yan wasan birnin Kano ne suka ci shi, suka doke Lagos Dynamos 2-1 a wasan ƙarshe. Shi ne karo na farko da kofin ya bar Legas tun da aka fara shi a 1945. Abin alfahari ne ga Kano, amma ba a kundin Pillars yake ba, don shekara 37 ce tsakaninsa da haihuwarta. Haka ma gasar ƙasa ta 1978, Raccah Rovers ce ta kawo ta Kano. Idan za ku lissafa wa Pillars manyan kofunanta, ku lissafa gasar ƙasa sau huɗu (2008, 2012, 2013, 2014) da kofin ƙalubale sau ɗaya, a 2019.

TAMBAYA: Da gaske ne an yi shekara goma sha biyu ba a ci Pillars a gida ba? Kuma shi ne ya ba ta kofuna uku a jere? (Mai karatu daga Damagaram)

AMSA: Da gaske ne, ɗan'uwa, a wasannin gasar cikin gida. Daga 2003 ba wanda ya sake cin Pillars a wasan gida sai a watan Agusta 2015, ranar da Nasarawa United ta ci ta 2-1 a Kano. Wasanni sama da 200 ke nan. Taken "Sai Masu Gida" ba kirarin banza ba ne a wancan zamanin.

Ga yadda lissafin yake. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowace tana buga wasa 38, 19 a gida 19 a waje. Nasara maki 3, canjaras maki 1. Wanda ya cinye wasanninsa na gida duka yana da maki 57 tun bai leƙa ko'ina ba. A waɗancan shekarun zakara kan kammala ne da maki sittin da 'yan kai, saboda cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske ga kowa. To ka ga idan ƙungiya ta riƙe gidanta, ta bar canjaras biyu ko uku kawai, abin da ya rage mata shi ne ta tsinto nasara ƙalilan da wasu canjaras a waje. Pillars ta iya wannan tsintuwar fiye da abokan hamayyarta, kuma a nan ne bambancin yake, domin ba ita kaɗai ke da ƙarfi a gida ba.

Mu a ganinmu akwai abin da ya fi filin Sani Abacha na Ƙofar Mata muhimmanci, shi ne zaman 'yan wasa wuri guda. Rabi'u Ali, da ake kira Pele, yana tsakiya yana raba ƙwallo da bugun tazara, Gambo Muhammad yana gaba, Theophilus Afelokhai yana raga, kuma kakar wasa ta zo ta wuce ba a watsa su ba. Masu horarwa sun canza: Kadiri Ikhana ne ya ci na 2008, Muhammad Baba Ganaru ya ci 2012 da 2013, Okey Emordi ya ci 2014. Amma ginshiƙan cikin fili suna nan, shi ya sa sabon koci bai zo ya fara daga tushe ba. Kafin Pillars, Iwuanyanwu Nationale (1988 zuwa 1990) da Enyimba (2001 zuwa 2003) sun ci gasar sau uku a jere.

Kakar 2015 da aka karya tarihin ta faro ne da tashin hankali. A watan Maris, 'yan bindiga suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan hanyar Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo.

TAMBAYA: An ce Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 ba tare da ta ci ta ko sau ɗaya ba. Ta yaya? Kuma me ya hana ta sake yin irin wannan nisa a Afirka? (Mai karatu daga zangon Kumasi)

AMSA: Dokar ƙwallon waje ce ta yi aiki. A zagayen kifa-ɗaya-ƙwala ana buga wasa biyu, gida da waje, a haɗa ƙwallaye. Idan jimilla ta zo daidai, sai a duba wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa. An tashi 1-1 a Najeriya, aka tashi 2-2 a Alƙahira. Jimilla 3-3, amma Pillars tana da biyu a waje, Al Ahly tana da ɗaya. Ka tuna kuma Al Ahly ce ke riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, ita ta ci na 2008.

Daga nan Pillars ta shiga rukuni tare da Al Hilal da Al Merreikh, dukansu na Sudan, da ZESCO United ta Zambiya, ta kuma kammala a kan gaba. A wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da 'yar gida, Heartland ta Owerri, aka ci ta 4-0 a can, aka sake cin ta 1-0 a Kano. Heartland ɗin ma ta je wasan ƙarshe dokar ƙwallon waje ta ba TP Mazembe kofin.

Sashe na biyu na tambayarka ya fi ciwo. Duba sakamakon da ya biyo baya. A 2013 Pillars ta ci AC Leopards ta Kongo 4-1 a Kano, aka ci ta 3-0 a can, jimilla 4-4, wannan ƙwallo ɗaya da Leopards ta zura a Kano ita ta fitar da ita. Dokar da ta yi mata rana a 2009 ita ta yi mata dare. A 2014 AS Vita ta Kinshasa ta ci ta 3-1 a can, ita ta ci 2-1 a gida, bai isa ba. A 2015 Moghreb Tetouan ta Maroko ta zura mata huɗu ba ko ɗaya. A 2019, wanda ku mutanen Kumasi kun fi mu sani, ta ci Asante Kotoko 3-2 a Kano, aka ci ta 2-0 a garinku.

Ciwon ɗaya ne. Ƙungiyar da ta saba cewa gida zai gyara komai tana iya cin gasar wasa 38, don rashin nasara a waje da ɗaya ko da huɗu duk maki uku ne suka tafi. A wasa biyu na gida da waje kuwa, yawan ƙwallayen da aka zura maka shi ne hukuncin. Wanda zai je waje a irin wannan gasa dole ya koyi yadda ake rufe baya a sha ɗaya kawai, ya kuma koyi yadda ake hana baƙo zura ko ɗaya a gida ko da ana kan gaba da uku. Sai kuma matsalar lokaci: sau da yawa wasannin share fage na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, suna zuwa ne gasar Najeriya tana hutu, a fita da 'yan wasan da ba su buga wasan gaske ba tsawon makonni, a kara da waɗanda ke tsakiyar kakarsu. Wasan sada zumunta ba ya cike wannan gurbin. Idan aka ƙara da jiran sakin kuɗin tafiya daga gwamnati, wanda kan sa ƙungiyoyin jihohi su isa a makare ba hutu, sai ka ga an sha kashi tun kafin a tafi hutun rabin lokaci.

TAMBAYA: Yarana har yau ba sa son a ambaci Asaba. Me ya faru a can? (Wata mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna)

AMSA: Hajiya, wasan ƙarshe ne na kofin ƙalubale na 2018, wanda a lokacin ake kira kofin Aiteo, a filin wasa na Stephen Keshi. Pillars tana gaba da 3-0, Enugu Rangers ta farke duka ukun a cikin mintuna goma sha biyar na ƙarshe, ta kuma ci 4-2 a bugun fenariti. A 1991 ma Pillars ta je wasan ƙarshe El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauke kofin. Ki tuna wa yaran cewa shekara ɗaya bayan Asaba, a garinku, a filin Ahmadu Bello, Pillars ta tashi 0-0 da Niger Tornadoes ta kuma ci 4-3 a fenariti, ƙarƙashin Ibrahim Musa Jugunu.

TAMBAYA: Yaya aka yi ƙungiya mai kofi huɗu ta faɗa gasar 'yan dagaji a 2022? Rashin 'yan wasa ne ko zaluncin hukuma? (Mai karatu daga Wudil)

AMSA: Malam, rashin gida ne, kuma rabin laifin na masu gidan ne da kansu. A 2020 aka mai da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar korona, ƙungiyar ta koma Kaduna tana karɓar baƙi a can. Wannan ba laifin kowa ba ne. Amma a watan Afrilu 2022, da aka dawo Kano aka karɓi Katsina United, wasu daga cikin 'yan kallo suka tayar da rikici, aka tsayar da wasan, aka farfasa motar baƙin. Hukumar gudanar da gasar ta cire wa Pillars maki 3, ta ci ta tarar naira miliyan 9, ta kuma mai da wasanninta na gida Abuja. Ƙungiyoyi huɗu na ƙasan teburi ne ke faɗuwa, kuma a wannan kakar Pillars ta faɗi tare da Katsina United da Heartland da MFM.

Mutane suna kallon maki ukun da aka cire, amma korar da aka yi daga gida ta fi su tsada. Kowane wasan gida ya zama tafiya: kuɗin mai, kuɗin otal, ba kuɗin ƙofa, ba ihun magoya baya. Ƙungiyar da ke tara yawancin makinta a gida, aka raba ta da gidan, me ya rage mata?

Dokar gasar ta ɗora tsaron alƙalai da baƙi a wuyan mai masauki, ko da shugabannin ƙungiya ba su da hannu a abin da ya faru. Don haka aikin hana irin wannan sananne ne. Kada a sayar da tikiti fiye da kujeru, kuma a rufe ƙofa idan fili ya cika. A ware wa magoya bayan baƙi ɓangarensu da ƙofarsu. A hana shiga da duwatsu da kwalabe tun daga bakin ƙofa. Hanyar da alƙalai ke bi zuwa ɗakin sauya kaya ta kasance a killace, da jami'an tsaro a tsaye tun kafin a busa tashi, domin a mintuna biyar na ƙarshe da biyar na bayan tashi ne yawancin ɓarna ke faruwa. Motar baƙi a ajiye ta inda jama'a ba sa kai wa, a raka ta har ta fita gari. Sannan duk wanda aka gane fuskarsa a bidiyo a hana shi shiga fili, a kai shi kotu. Wannan na ƙarshen shi ne ake yawan tsallakewa, kuma shi ya sa abin ke maimaituwa: a 2019 ma an shiga fili bayan wasa da Rangers a Agege, Legas, aka ci tarar ƙungiyar.

Kaka ɗaya Pillars ta yi a ƙasa. Ta dawo a 2023 tare da Katsina United da Heartland, da sabuwar shiga Sporting Lagos.

TAMBAYA: Har yanzu Ahmed Musa ne ke riƙe da tarihin yawan ƙwallaye a kaka ɗaya? (Mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Ya zura 18 a kakar 2009/2010 yana Pillars, ya wuce 17 ɗin da Ishaya Jatau ya kafa a 1990, daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Tarihin bai daɗe a hannunsa ba. Jude Aneke na Kaduna United ya zura 20 a 2011, sannan Mfon Udoh na Enyimba ya kai 23 a 2014. Ko a cikin Pillars ma an wuce shi, domin Junior Lokosa ya zura 19 a 2018, kuma a kakar da aka yanke ba ta kai ƙarshe ba. Ahmed Musa ya dawo Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya sake dawowa a 2024, a 2025 kuma gwamnatin jiha ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar.