Husainin ma'aikaci a cikin kwamfuta

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai walda ne a Garin Malam. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya ce wai yanzu ana yi wa ma'aikaci abokin tagwaitaka a kwamfuta don kare shi daga haɗari. Da gaske ne? Kuma salulata za ta iya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanenka bai zolaye ka ba. Ɗauka kai ne Hasan, aka zana Husaininka a kwamfuta da tsawonka da nauyinka da irin aikinka. Sai a ɗaura maka ƴan na'urori, ɗaya a hannu, ɗaya a hular kwano ko riga, suna aika masa bugun zuciyarka, zafin fatarka, yawan sunkuyonka da iskar da kake shaƙa. Wannan aike da ba ya yankewa shi ya bambanta Husaini da hoto. Wani masani mai suna Michael Grieves ne ya bayyana dabarar a Amurka a 2002, kuma injuna aka fara yi wa, mutane sun zo daga baya.

Inda na ga amfaninsa a garinmu shi ne zafi. A watan Afrilu da Mayu Damagaram na haura digiri 40, ga wutar walda, ga rigar kariya mai kauri. Masana lafiyar aiki na son kada zafin cikin jikin ma'aikaci ya wuce digiri 38, in ya haura 40 kuwa rai ake ceto. Matsalar ita ce mutum ba ya jin lokacin da ya tsallake iyaka, musamman irinku da ke cewa bari in ƙarasa wannan ƙofar tukuna. Husaini yana ƙiyasta zafin daga bugun zuciya, ya buga ƙararrawa tun jiri bai zo ba.

Haka batun iskar guba a wuraren mai irin matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 don tace ganga 20,000 a rana. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa take kashe jin warin kansa, hanci ya ce lafiya lau alhali ba lafiya. Na'ura ba ta ruɗuwa haka. Misali kawai na kawo da matatar.

Salula kuwa, ita kaɗai ba za ta iya ba. Agogon hannu mai Bluetooth zai nuna maka bugun zuciya, amma zufa da girgizar injin yanka ƙarfe na rikita lissafinsa, kuma ba ya shinshinar iska. Da kuɗina ne, gilashin walda na kirki da randar ruwa a inuwa zan fara saya.

Tambaya: Malam, in kamfani ya ɗaura mini na'urar, ba leƙen asirina zai riƙa yi ba?

Amsa: Zai iya, kuma nan ne nake ɗari-ɗari. Na'urar da ta san ka gaji ta san minti nawa ka zauna, ta san zuciyarka ta fara rauni. Bayanin lafiya wurin likitan aiki ya kamata ya tsaya, kada ya kai teburin mai biyan albashi. Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP don kula da ita. Kafin ka sa hannu, nemi a rubuta maka wa zai ga bayanan, wata nawa za a ajiye su, da ko kana iya cire na'urar in an tashi aiki.