Tambayoyinku kan naƙuda da aikin ungozoma

Daga Gwaram: Likita, gaskiya ne a asibiti dole mace ta haihu a rigingine?

A'a, 'yar'uwa. Ungozomar da ta samu horo za ta bar ki ki zagaya, ki sha kunu, ki durƙusa in kin fi jin daɗin haka, muddin ke da ɗan kuna lafiya. Ki zo da mahaifiyarki ko yayarki.

Daga Bichi: Kowace mai haihuwar fari ake yi wa ƙari?

Ba kowa ba. Ƙari shi ne ɗan yankan da ake yi a bakin farji don faɗaɗa wa yaro hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a riƙa yin sa barkatai ba, sai da dalili.

Daga Ringim: Matata ta kwana tana naƙuda, mai kemis ya ce zai yi mata allurar naƙuda, tsohuwarmu kuma ta ce gishiri ne ya tare hanya.

Malam, don Allah kada ka yarda da ko ɗaya. Allurar nan matsa mahaifa take yi. In kan yaro ya fi ƙarfin ƙugu ko ya zo a gicciye, matsawar ba za ta fito da shi ba, mahaifar ce za ta fashe. Mai kemis da me zai gane kwanciyar yaro? Yankan gishiri kuwa, reza ce ake kai wa dab da mafitsara, sai zubar jini ko yoyon fitsari. Je ka asibitin Jahun ka ga matan da ke jiran gyara. Haka danne ciki da hannu, shi ma haɗari ne.

Abin da ake koya wa ungozoma shi ne haƙuri da sa ido. Tana sauraren bugun zuciyar yaro duk minti 30, tana duba buɗewar bakin mahaifa duk awa 4, tana rubutawa, don ta gane naƙudar da za a jira da wadda za a tura babban asibiti. Naƙudar da ta haura awa 12, ko jini, ko jijjiga, ko faya ta fashe da koren ruwa, a nemi mota nan take. Kunyar fari ba dalilin ɓoye naƙuda ba ce. Ka kai matarka asibiti yanzu.

Daga Dambatta: Me ya sa ba a yi wa jaririna wanka ba?

Da gangan ne, don kada sanyi ya kama shi. A goge shi, a ɗora shi a ƙirjinki, ya sha dakashi cikin awa 1, wanka sai bayan awa 24. In ya ƙi kama nono, ki koma asibiti.