Furannin Leda da Ƙishirwar Damagaram

Wata baiwar Allah daga unguwar Birni ta rubuto cewa ƙanenta ya kawo mata buganbiliya biyu daga Kano a cikin baƙar leda, cike da jajayen furanni. Ta dasa su a gindin katanga ranar da suka iso, tana ba su ruwa safe da yamma, amma kafin mako ya zagayo komai ya zube, sai sanda da ƙaya. Tana tambaya ko cutar ta aka yi, kuma ko ta tuge su ta sayi wasu.

Hajiya, ki dakata da tugewa tukuna. Ki sa farce ki ɗan kankare bawon reshe ɗaya. Idan kin ga kore mai danshi a ƙarƙashinsa, to da sauran rai. Tsiron da ya tashi a inuwar masu rainon furanni, sannan ya sha iskar mota na wajen kilomita 240, aka kuma tsayar da shi rana guda a jikin katangar da ke mayar da zafi, dole ne ya zubar da ganye domin ya rage asarar ruwa. Ƙari a kan haka, saiwar buganbiliya siririya ce mai saurin tsinkewa, kuma idan aka fizgo ta daga leda ƙasar jikinta ta warwatse, takan daɗe ba ta farfaɗo ba. Abin da ya kamata tun farko shi ne a bar ta cikin ledarta kwana goma zuwa mako biyu a ƙarƙashin dogon yaro, inda hantsi kaɗai ke taɓa ta, sannan a tsaga ledar da reza, a sauke ta cikin rami da ƙasarta a dunƙule, bayan la'asar.

Tunda an riga an dasa, ki jingina tsohuwar tabarma ta kare su daga ranar azahar, kuma ki rage ruwan nan, domin tsiron da ba shi da ganye ba ya shan da yawa, sauran sai ya kwanta ya ruɓar da saiwa. Ki riƙa tura yatsa cikin ƙasa, in kin ji laima ki bari sai gobe. Kada ki sa taki sai sabon toho ya fito. Bayan sun kama, ki janye tabarmar gaba ɗaya, domin wannan tsiro, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka ne, yana son rana ta awa shida ko fiye, kuma ɗan horon ƙishirwa ne ke sa shi yin fure. Ni kaina na yi shekara biyu ina lallashin wata da taki da ruwa, ta haye rumfa da kore shar ba ja ko ɗaya, sai da famfonmu ya ɗauke na tsawon lokaci sannan ta rufe da launi. Af, abin nan mai launi da muke kira fure ganye ne ya rikiɗa. Ainihin furen shi ne ɗan fari ƙarami da ke tsakiya.

Wani magidanci da ya tare a sabon gida a Sabon Gari yana son abin da zai haye ƙofa da wanda zai ƙawata tsakar gida. Mai sayarwa ya nuna masa hibiskus da iksora da buganbiliya, shi kuwa yawancin ruwansa a hannun 'yan ga-ruwa yake saye. Wanne zai ɗauka, kuma yaushe?

Malam, ka fara lissafin bido nawa za ka iya warewa a mako kafin ka lissafa jaka nawa za ka kashe. Ruwan saman da Damagaram ke samu bai wuce wajen milimita 400 a shekara ba, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kuma garin yana zaune a kan dutse, shi ya sa ake jawo ruwan famfo daga nesa, irin su Gogo da Machaya. Hibiskus dangin yakuwa ne da kuɓewa, furensa ba ya wuce yini ɗaya ko biyu, kuma a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana buƙatar ruwa kullum, in ya rasa sai ya zubar da 'ya'yan furen tun ba su buɗe ba. Idan ranka yana sonsa, ka sayi guda ɗaya ka dasa kusa da inda ake alwala. Iksora kam ban ba ka shawara ba, domin tana son iska mai laima da ƙasa mai ɗan tsami, hunturunmu kuwa ba ya raga mata. Ka ba buganbiliya ƙofa, a tukwane kuma ka sa furen da ake kira kariya, wadda 'yar ƙasar nan ce, mai tara ruwa a kumburarren gindinta, wadda yawan ban-ruwa ya fi fari saurin kashe ta.

Lokacin saye shi ne farkon damina, da zarar ruwa ya zauna, domin saiwa ta yi nisa kafin hunturu. Na fi amincewa da tsiron da aka rena a nan garin ko a lambunan Mirya a kan wanda ya sha doguwar hanya. A wurin saye ka juya ganye ka duba bayansa, in ka ga fararen ƙwari kamar auduga ka ajiye. Ka kuma ɗan ja tsiron a hankali, domin wani reshe ne kawai aka soka shekaranjiya, da ka taɓa zai biyo hannunka. A rami ka gauraya ƙasa da takin tumaki da ya ruɓe sosai, domin ɗanye yana ƙona saiwa, mai karmami kuma yana gayyato gara. Wanda ruwa ya yi wa tsada ya binne ɗan tulu a gefen tsiron, bakinsa a waje, ya riƙa cikawa yana rufewa, ruwan zai dinga tsatsafowa kai tsaye zuwa saiwa. Ruwan wanki mai omo kada ya kusance su.

Wata matar aure mai kiwon rago da awaki a tsakar gida tana tambaya ko ta karɓi loriye-roz, wani tsiron ado mai furanni, da maƙwabciyarta ta yi mata tayi.

'Yar'uwa, ki yi mata godiya ki bar mata abinta. Loriye-roz dafi ne daga ganye har fure, busasshensa ma bai bar dafin ba, kuma kaɗan ya isa ya kashe akuya. Ruwan jikin kariya da na alamanda, wani tsiron ado mai fure ruwan ɗorawa, su ma dafi ne, saboda haka a gidan da ke da dabbobi da ƙananan yara sai a ɗora su inda baki ba ya kai wa. Buganbiliya ba ta da wannan hatsarin, amma awaki na cin tohonta duk da ƙayar, don haka ki kewaye ta da waya har ta fi ƙarfin tsayuwar akuya a kan ƙafa biyu.