Me Ya Kawo Latin Cikin Misar Katsina?

Tambaya: Fada, a cocinmu na Katsina ana waƙar Sanctus (Mai Tsarki) da Agnus Dei (Ɗan Ragon Allah) da Latin, alhali da Hausa muke Misa, wato babbar ibadar Katolika. Me ya sa? Daga Maryamu, Kofar Ƙaura.

Amsa: 'Yata, taron Vatican na biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1963 ya amince da Misa cikin harsunan gida, amma ya ce mabiya su riƙe amsoshin Latin. Da haka Bakatolike daga Malumfashi zai iya shiga coci a Roma ya rera tare da kowa. Asalin littafin Misa ma Latin ne, daga shi ake fassara.

Inda mawaƙa ke tuntuɓe shi ne furuci. Harafin c kafin e, i ko ae kamar c ɗinmu yake, “caeli” a ce “celi”. A “Sanctus” kuwa k ne. Malamin waƙa ya fara karanta ma'anar da Hausa, sannan a ɗora murya layi-layi.