Amsa ga mai neman mai raino

Assalamu alaikum, 'yan uwa barkanmu da yamma. Ƙanwata, na ga tambayarki tun safe, ki yi haƙuri da murya, hannuna a cikin wanki yake. Kin ce kin samu aiki za ki fara farkon wata, 'yarki shekara ɗaya da wata biyu, Hajiyarku kuma tana Gumel, shin ki ɗauko 'yar aiki ne ko ki kai ta gidan raino, kuma nawa abin zai ci. To Allah ya sa albarka a aikin.

Ni dai duka biyun na ɗanɗana. Da farko dillaliya ce ta kawo min yarinya daga ƙauye, wai shekararta 14. Ina ganinta na san an ƙara mata. Kuɗin ma ba hannunta yake shiga ba, dillaliya ke karɓa ta zare nata, ta aika wa uwar ragowar, wai ana tara kuɗin kayan ɗaki. Ran nan na dawo da wuri, na tarar barci ya kwashe ta a kan tabarma, ɗana ya zame daga goyo yana rarrafe, ga ruwa na tafasa a kan risho, taku biyu tsakaninsu. Wallahi ko faɗa ban iya yi mata ba. Ita ma raino take buƙata, ni ce na ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Kuma mu sani, dokar 2015 da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ke aiki da ita ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, har ɗauri akwai a ciki.

Gidan raino kuwa, kar ki je ranar da suka ce ki zo. Ki faɗo musu ba zato, wajen ƙarfe sha ɗaya, lokacin cin abinci. Wanda na fara zuwa, falo fes, bango duk zanen katun. Da na leƙa ɗakin ciki, mace ɗaya ce da yara goma sha uku, kofin kunu ɗaya, cokali ɗaya, tana bi da shi baki-baki. Ban ko zauna ba. Ki ƙirga yara, ki ƙirga masu raino. Ki ce a nuna miki inda ake canza famfas, ki ga ko da ruwa da sabulu a wurin. In ba su tambaye ki katin riga-kafi ba, to ba su tambayi kowa ba ke nan. Af, ki tuna allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 ake yi, saura wata ɗaya taku, kar ki bari ta wuce.

Maganar kuɗi, abin da za su faɗa miki na wata ba shi ne lissafin ba. Akwai kuɗin fom, famfas, abincin da za ki ɗaura mata, ɗan sahu kai da ɗauko, wasu har tara suke ci in kin makara. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, in naki bai yi nisa da nan ba, ku zauna da maigida da biro da takarda tun yanzu, a san wa zai ɗauki me.

Ni inda na samu kwanciyar hankali wajen wata dattijuwa ce a layinmu, Iya muke ce mata, mijinta ya rasu, ta aurar da 'ya'yanta. Naira 25,000 nake ba ta, ranar da albashi ya shigo ranar take ganin kuɗinta, ba sai ta buɗe baki ba. Sabulu, katin waya, atamfar sallah, duk nawa ne. A gaban ɗanta da maigidana muka yi magana, na ce Iya don Allah ban da jiƙo, ban da maganin tari don ya yi barci, in jikinsa ya yi zafi ki kira ni ko ina gaban oga. Ta ɗan ji haushi, ta ce yara takwas ta raina, amma ta riƙe.

Ki tambayi matan Islamiyyarku, su suka san irin waɗannan tsofaffin. In kin samu, ki fara kai ta tun sati biyu kafin aiki, awa biyu, sannan rabin yini. Kuma don Allah kar ki haɗa mata yaye da sabon hannu a wata ɗaya, ki bar mata nononta safe da dare har ta saba.