Windows ɗin da ke kan faifaina, zai tashi a cikin VirtualBox?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata tana ɗauke da Windows 11 da Ubuntu, in na kunna sai GRUB ya ba ni zaɓin wanda zan shiga. Kusan duk aikina a Ubuntu nake yi, sai dai akwai manhajar lissafi guda ɗaya da ba ta aiki sai a Windows. Na gaji da kashewa da kunnawa sau huɗu sau biyar a rana. Zan iya buɗe wannan Windows ɗin da fayilolina duka a cikin VirtualBox, ba tare da na sa sabo ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Eh, zai yiwu. Amma kafin ka taɓa komai, kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani faifai na waje. Da gaske nake.

A ƙa'ida, kwamfutar kwaikwayo, wato wadda manhajar VirtualBox ke ƙirƙira a cikin kwamfutarka ta ainihi, tana ajiye komai nata ne a cikin babban fayil guda, ko ta lalace ba ruwan faifanka. Abin da kake nema daban ne: za ka miƙa mata ainihin faifan. VirtualBox na yin haka ta wani ɗan ƙaramin fayil na VMDK wanda ba komai a cikinsa sai nuni zuwa faifan. A tsofaffin sigogi umarnin createrawvmdk na VBoxManage ake amfani da shi, a siga ta 7 wadda ta fito a 2022 kuwa createmedium ne tare da zaɓin RawDisk. VMware Workstation da QEMU su ma suna iyawa. Duk abin da baƙon, wato Windows ɗin da ke cikin VirtualBox, ya rubuta a kan faifanka yake sauka kai tsaye, ba komawa baya.

Haɗarin yana nan ne. Kowace babbar manhaja tana riƙe da taswirar faifai a ƙwaƙwalwarta: nan akwai fayil, can babu kowa. Idan Ubuntu da Windows suka buɗe yanki ɗaya na faifan (partition) a lokaci guda, kowanne zai ɗauka shi kaɗai ne a wurin, wannan ya rubuta a kan abin da wancan ya ajiye. Ba gargaɗi za ka gani ba. Sai bayan kwana biyu ka buɗe takarda ka tarar da shirme a ciki. Kuma danna sunan yankin Windows sau ɗaya a manhajar fayiloli ta Ubuntu ya isa ya buɗe shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne GRUB. In ka miƙa faifan gaba ɗaya, allon zaɓin nan zai bayyana a cikin tagar VirtualBox yana ƙirga daƙiƙoƙi. Ka waiga ka amsa waya, ƙirgar ta ƙare, ya zaɓi na farko a jeri, wato Ubuntu, Ubuntun da kake zaune a cikinsa yanzu haka. Shi ke nan, ya tashi sau biyu a kan yanki ɗaya. Saboda haka kada ka ba da faifan duka. Ka ware yankin Windows da ƙaramin yankin EFI, inda fayilolin tayar da kwamfuta suke, su kaɗai. Sauran, VirtualBox zai nuna wa baƙon sifili in ya karanta, ya yi watsi da duk abin da ya rubuta. Yankin EFI ɗin ma Ubuntu na riƙe da shi a /boot/efi, sai ka sauke shi (unmount) kafin ka kunna baƙon. In Windows na kan faifansa daban, to aikinka ya yi sauƙi ƙwarai.

A ɓangaren Windows, ka fara kashe Fast Startup. Tun Windows 8 yake nan, kuma shi ke sa in ka kashe kwamfuta ba ta mutuwa duka, sai ta ajiye rabin hankalinta a faifai. Farkawa da wannan hankalin a cikin wasu kayan ƙarfe daban matsala ce. Haka nan kada ka yi amfani da Save State ko Snapshot na VirtualBox a wannan tsarin, kullum ka kashe shi kashewa ta sosai.

Sai BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai. Makullinsa yana ɗaure ne da TPM, guntun tsaro na kwamfutarka, baƙon kuwa ba zai ga wannan guntun ba, don haka shuɗin allo zai tare ka yana neman lambobi 48 na buɗe faifan. Ka nemo su a asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda tun kafin ka fara. A saitin VirtualBox ka kunna EFI, ka haɗa faifan ta SATA, domin in Windows bai da direban hanyar da ka haɗa shi, zai tsaya da saƙon INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Lasisi ma na iya tangarɗa, tunda Windows zai ga kamar an ɗauke shi an kai wata kwamfutar.

Ni dai da ni ne kai, saboda manhaja ɗaya tak ba zan sa faifaina a wannan hali ba. Akwai Disk2vhd, ƙaramar manhaja ta kyauta daga Sysinternals na Microsoft. Ka dakatar da BitLocker ka warware shi tukuna, sannan ta kwafe maka Windows ɗin zuwa fayil ɗin VHD, wanda VirtualBox ke buɗewa. Illarsa biyu: yana cin wuri, kuma daga ranar kwafin, shi da na asali kowa ya kama gabansa. Amma in ya lalace, gogewa kawai za ka yi ka sake.

Tambaya: Malam, ni akasin haka nake so, Ubuntu a cikin Windows. Duk ɗaya ne?

Amsa: Naka ya fi sauƙi. Linux na zuwa da yawancin direbobinsa a jikinsa, yana gane yankunansa da lambar UUID, kuma ba ruwansa da lasisi. Windows ma ba ya karanta ext4, tsarin fayilolin Ubuntu, da kansa, don haka da wuya ya sa hannu a yankin. Sai dai in ya nuna maka saƙon cewa a yi wa faifan format kafin amfani, ka danna Cancel. Ka buɗe VirtualBox da ikon Administrator. Idan Ubuntu na kan faifai na biyu, ka mayar da shi Offline a Disk Management, kuma ka duba lambarsa duk lokacin da ka ƙara ko ka cire wani faifai, domin PhysicalDrive1 na yau na iya zama wani daban gobe.