Walili da Maulay Idris a yini ɗaya

Tambaya: Daga Jidda za mu je Maroko hutu. Yini ɗaya zai ishe mu ganin kangon Rumawa na Walili da garin Maulay Idris?

Amsa: Zai isa, Hajiya, in kun yi sammako. In a birnin Fas kuka sauka, ku hau jirgin ƙasa zuwa Miknas, sannan tasi zuwa Walili, tafiyar kusan kilomita 30. Ku fara da Walili kafin rana ta take, don filin ba inuwa; ku riƙe ruwa da laima. Awa biyu ta isa ganin adon dutse na daɓen gidaje da ƙofar Karakala, sarkin Rumawa, ta shekarar 217 miladiyya. Maulay Idris kusan kilomita 5 ne daga Walili, a kan tudu, hawa na wahalar da tsofaffi. Can hubbaren Idrisu na Farko, wanda ya kafa daular Idrisawa ta Maroko, yake. Ku daidaita da direba ya jira ku, motar komawa kan yi wuya da yamma.